Filin Adon Gida: Tsiro nawa ne zai wanke mini iskar falo?

Wasiƙun wannan watan kusan duk bakinsu ɗaya. Ana son a rage roba da ƙyale-ƙyale a ɗaki, a koma ga itace da yumɓu da ganye. Na zaɓi biyar daga ciki. Na rage wa wasu tsawo, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Haya nake yi a hawa na biyu, tagar falona ɗaya ce, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Na ga ana ta yaɗawa a Facebook cewa tsirrai suna tace iskar ɗaki, har an ce hukumar NASA ce ta tabbatar. Na sayi tukunya biyar, uku sun mutu, alhali safe da yamma nake ba su ruwa. Wanne zan saya da ba ya mutuwa, kuma guda nawa ne za su wanke mini iskar falo? Ƙanwarki mai haya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ina yi miki jajen ukun, amma wanda ya kashe su ba shi da nisa. Ke ce, da ruwan nan na safe da yamma. Kada ki ji kunya, ni bakwai na kashe a shekarata ta farko, kuma duk lokacin da ganye ya yi ɗorawa sai in ce ƙishi ne, in ƙara masa ruwa. Ashe saiwa ita ma numfashi take yi. Idan ƙasar tukunya ta zauna a jiƙe kullum, iska ba ta ratsa ta, sai saiwar ta ruɓe, ganyen ya yi laushi kamar na wanda ke jin ƙishi. Daga yau ki cusa yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In kin ji danshi, ki mayar da butarki. Kuma ki duba gindin tukwanen nan, duk wadda ba ta da huji a huda ta. Tukunyar yumɓu da ba a shafa mata fenti ba ta fi ta roba yafe wa mai yawan ban ruwa, domin jikinta yana tsotse ruwan ya fitar da shi.

Maganar NASA, wato hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, kuwa gaskiya ce, amma rabinta aka gaya miki. A 1989 wani masanin hukumar mai suna Bill Wolverton ya sa tsirrai a cikin ƙananan akwatuna da aka toshe ruf, ya zuba musu iskar sinadarai irin su benzin da fomaldihaid, ya ga sun ragu. Abin da ke gabansu shi ne yadda za a rayu a tashar sararin samaniya, inda babu tagar da za a buɗe. Falonki ba akwati ba ne. A 2019 wasu masana biyu a Jami'ar Drexel ta Amurka suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan wannan batu cikin shekaru kusan 30, suka lissafa, suka ce kafin tsirrai su yi aikin da shigar iska ta taga da ƙofa ke yi, sai an jera tsiro 10 zuwa 1,000 a kan kowace murabba'in mita ta daɓe. Idan falonki mita 4 ne tsawo 4 faɗi, mafi ƙaranci tukunya 160 ke nan. Ina za ki zauna? Ki buɗe taga da ƙofa lokaci guda na ɗan wani lokaci kullum, kin gama da batun iska.

Ba ina cewa ki bar tsiro ba ne. Ni guda tara ne a falona, kuma ba don huhu na ajiye su ba, don ido ne da zuciya. A 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya duba takardun marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar maɗaciya a wani asibiti a jihar Fensilbeniya. Waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga waɗanda ke kallon bangon bulo barin asibiti da kusan kwana guda, kuma ba su sha magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi kamar su ba. Mutum 46 ba su da yawa, ba zan rantse a kai ba, amma ke da tagarki ke kallon bango kin san abin da ake nufi.

Ga falo mai ƙarancin haske, ki nemi moɗa, mai dogayen ganyen nan masu tsayawa kamar takobi. Tana iya yin mako biyu ko uku babu ruwa, ko a jikinta. Sai fotos, mai yaɗo, wanda ko reshensa kika yanka kika tsoma a kwalbar ruwa zai yi saiwa. Alobera kuwa rana take so, a falonki za ta yi tsawo ta rame. Ki rataya madubi a bangon da ke fuskantar tagar, hasken zai ƙaru, tsiron ma ya zama biyu a ido.

Abu biyu kada ki manta. Farantin da ake sawa a ƙarƙashin tukunya gidan sauro ne, kwana bakwai zuwa goma sun ishi ƙwai ya zama sauro mai tashi, don haka ki zubar da ruwan da ya taru bayan kowane ban ruwa. Sannan in da mai rarrafe a gidan, ki guji difenbakiya, mai faffaɗan ganye da ɗigo-ɗigon fari, domin yaron da ya tauna ta bakinsa da harshensa kumbura suke yi. Fotos ma yana da irin wannan ƙaiƙayin, sai a rataye shi sama. Oliyanda kuwa, mai furen nan ruwan hoda, daga ganye har fure guba ce da ke taɓa zuciya, ba ta shiga ɗaki sam.

Tambaya: Malama, barka da aiki. Wata biyu ke nan da kafinta ya haɗa mini sif da gado na katakon MDF a ɗakin yara. Har yanzu in an buɗe sif ɗin wari yake yi mai sa ido ruwa, ƙaramin kuma ya fara tari da dare. Uwargida tana fesa turare amma a banza. In zubar in sayi na itacen gaske ne? Wani ya ce mini madobiya ta fi kowane ƙarko. Wani magidanci.

Amsa: Malam, barka kadai. Kafin komai, ku kai yaron wajen likita, tari yana da dalilai da yawa, ni kuma ba likita ba ce. Amma a daren yau ku canza wa yaran ɗakin kwana.

MDF garin itace ne da aka kwaɓa da gam aka matse shi da zafi ya zama allo. Gam ɗin da aka fi amfani da shi yana sakin fomaldihaid sannu a hankali, shi ne mai sa ido ruwa da ƙaiƙayin maƙogwaro. Tun 2004 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna iya jawo cutar, galibi ga ma'aikatan da ke shaƙarsa da yawa shekara da shekaru. Ban faɗa don in tsorata ku ba, na faɗa ne don a daina rufe shi da turare. Turare ba ya kashe shi, ƙara wa iskar ɗakin kaya kawai yake yi. Zafi da laima suna sa allon ya ƙara sakinsa, kuma ya fi ƙarfi a watannin farko, daga nan ya yi ta raguwa.

Kada ku zubar. Ku fitar da kayan ciki, ku zare aljihunan, ku bar ƙofofin a buɗe a wurin da iska ke wucewa na wasu makonni. Sannan ku kira kafintan ya duba inda allon yake tsirara: bayan sif, ƙarƙashin aljihu, bakin da aka yanka ba a liƙe ba, har ramukan ƙusa. Ta nan warin ya fi fita. A shafe su da folish na ruwa shafi biyu, a bar shi ya bushe a waje. Nan gaba in za ku sayi allo, ku nemi mai hatimin E1, wato wanda aka auna abin da yake fitarwa bai wuce ƙa'idar Turai ba.

Madobiya kuwa, wanda ya ce muku tana da ƙarko bai yi ƙarya ba. Ƙarkon nata da jan launinta ne ma suka ja mata. An yi ta sare ta a dazuzzukan Afirka ta Yamma ana loda wa jiragen ruwa zuwa Sin, inda ake ƙera kujerun alfarma da ita, har ta kai daga farkon 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Itace ne mai jinkirin girma. Ni dai ba zan sa a sare ta don a yi wa yaro sif ɗin da zai liƙa wa hotunan ƙwallo ba. In sabon katako kuke so, akwai hatimin FSC, na wata ƙungiya da aka kafa a 1993 mai bin sawun katako daga daji zuwa kasuwa. In ba a samu ba, ku koma ga tsohon itace.

Teburin da nake rubuta muku wannan amsar a kai tsohuwar ƙofa ce. An rushe wani gida, na karɓi ƙofar, kafinta ya goge ta ya sa mata ƙafa huɗu. Shekararta goma sha ɗaya a hannuna, ba ta taɓa lanƙwasa ba, domin ta gama bushewa tun kafin a haife ni. Ramin makullin ma yana nan, ta cikinsa nake zura wayar fitila. Abin dubawa a tsohon itace shi ne ƙananan ramuka masu zubo da gari mai laushi, alamar ƙwaro na ciki yana ci, sai kuma hanyar gara. Wanda ke da su ku bar shi a inda kuka gan shi. Masu ƙera kujera da katakon falet, wanda ake ɗora kaya a kai a kwantena, su duba hatimin jikinsa: HT yana nufin da zafi aka kashe ƙwarin, wannan babu laifi, MB kuwa iskar guba aka yi masa feshi da ita, ba ya shiga ɗaki.

Wajen shafe itacen bayan an gama ƙera shi, man linsid da kakin zuma suna fito da zanen itace yadda folish mai ƙyalli ba zai iya ba. Sai dai tsumman da aka shafa man da shi abin tsoro ne. Man yana ɗaukar zafi yayin da yake bushewa, kuma tsumman da aka dunƙule yana iya kama wuta shi kaɗai. Na taɓa cusa guda uku a bokiti na tafi, da na dawo hayaƙi na tarar yana tashi. Tun daga ranar shanya su nake yi a baje a waje, ko in tsoma su a ruwa.

Tambaya: Anti, na sayi zanen gado an rubuta masa "gora zalla", mai laushi kamar siliki. Gaskiya ne daga gora ake yin sa? Kuma kantar gora da na saya bara ta fara zubar da gari. 'Yarki ɗaliba.

Amsa: 'Yata, daga gora aka faro, amma ba a gora aka ƙare ba. Ana narkar da ɓargon gorar da sinadarai masu ƙarfi, a tatso zare daga ruwan, wato dai reyon, irin wanda ake yi da kowane itace. A 2022 hukumomin Amurka sun ci tarar kantunan Walmart da Kohl's dala miliyan 5.5 a haɗe saboda sayar da reyon da sunan gora, tare da yi masa kirarin kare muhalli. Ki ci gaba da kwanciya a kan zanenki, ba zai cuce ki ba. In ya tsufa ki koma ga auduga ko lilin.

Ita gorar kanta abin yabo ce. Dangin ciyawa ce, in an sare ta daga saiwar take sake tohowa, kuma cikin shekara uku zuwa biyar ta isa aiki. Laifinta ɗaya, akwai sitaci a jikinta, ƙwari kuma suna sonsa. Garin da kike gani shi ne abin da suka ci suka bari. Gorar da aka jiƙa a ruwan boraks, wani farin sinadari mai kashe ƙwari, kafin a ƙera ta ba ta cika yin haka ba. Ki fitar da kantar daga ɗaki yanzu, kada su koma kan sauran kayanki. Ki latsa sandunan da babban yatsa, wadda ta lotsa ta gama yawo, a canza ta.

Tambaya: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Fentin ɗakina yana kumbura yana ɓarewa daga ƙasan bango, ga fumfuna a bayan gado. Sau biyu ana sake fenti cikin shekara uku. Jikana ya ce a kankare duka da sanfefa a shafa farar ƙasa. Gidan tsoho ne ƙwarai. Me kika gani? Wata kaka.

Amsa: Amin Mama, Allah ya ƙara lafiya. Jikanku ya yi gaskiya a farar ƙasa, ya yi kuskure a sanfefa.

Fenti ba ya kumbura haka kawai, ruwa ne a cikin bangon yake neman hanyar fita. Fentin mai kamar leda yake, ya rufe bango ruf, ruwan ya taru a bayansa har ya ture shi. Ko sau goma aka sake, haka za a yi ta yi. A fara neman inda ruwan yake shiga: bututun da ke yoyo, indararon da ke zuba a gindin gini, ko ƙasar waje da ta fi daɓen ɗaki tudu. In ba a toshe wannan ba, duk abin da zan faɗa a ƙasa aikin banza ne.

Farar ƙasar da nake nufi ita ce ta ƙonannen dutse, wadda ake jiƙawa da ruwa. In an shafa ta, tana shan iskar kabon da ke cikin ɗaki sannu a hankali ta koma dutse a jikin bangon, amma dutse mai ƙofofin da ido ba ya gani, wanda laima ke ratsawa ta fita. Tana da kaifi irin na soda, shi ya sa fumfuna ba ta jin daɗin zama a kanta, kuma shi ya sa mai shafawa zai sa tabarau da safar hannu, domin in ta faɗa ido tana ƙuna. Kuskuren da kowa ke yi shi ne dama ta da kauri don a gama da wuri. Mai kauri tsagewa take yi, ta riƙa bin rigar duk wanda ya jingina. A dama ta tsararo kamar madara, a yayyafa wa bangon ruwa tukuna, a yi shafi uku ko huɗu, kowane a ba shi kwana guda. Shafin farko zai yi kamar ba a yi komai ba, kada ku yi wa yaron faɗa, sai ta bushe take fari. In kuna son launi, a zuba mata ɗan garin jar ƙasa da aka tankaɗe. Ba ta fita sumul kamar fenti, wani wurin ya fi wani duhu kamar gajimare, kuma ni wannan ne ma nake so a jikinta. Ba ta kama bangon da ke da fentin mai, dole sai an cire shi.

To a nan ne nake jin tsoron sanfefa. Tsofaffin fentin mai da yawa akwai dalma a cikinsu. Amurka ta hana sa ta a fentin gidaje tun 1978, amma ƙasashe da dama sun daɗe bayan haka ba su yi doka ba. Muddin fentin yana liƙe a bango, haɗarinsa kaɗan ne. Da an goge shi a bushe ya zama ƙura, sai ta sauka a daɓe, yaro ya dafa ya kai hannu baki, kuma dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa, babu ɗan adadin da likitoci suka ce ba ya cutarwa. Don haka a fitar da yara da masu ciki daga gidan, a shimfiɗa leda a ƙasa, a jiƙa bangon, a kankare da ƙarfe yana jiƙe, a tattara ɓawon a ƙulle, a goge daɓen da jiƙaƙƙen tsumma. Ban da tsintsiya, ban da ƙona fentin da wuta.

In jikan naku mai son karatu ne, ya nemi labarin Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya gina makarantar firamare da tubalin yumɓu a ƙauyensu Gando a 2001, ya ɗaga rufin kwano sama da silin don zafi ya sami hanyar fita. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin zanen gine-gine. Na kawo shi ne saboda masu cewa yumɓu da farar ƙasa kayan marasa hali ne.

Tambaya: Anti, na yanke shawarar fitar da kujerun ledata da kafet da furannin roba gaba ɗaya, in sake falon da kayan da ba sa cutar da muhalli. Da me zan fara? Maman biyu.

Amsa: Maman biyu, ki fara da zama a kan kujerun nan. In ba su karye ba, fitar da su shi ne babbar cutar da za ki yi wa muhallin, domin robar da ke jikinsu ba ruɓewa za ta yi a juji ba, kuma sababbin da za ki kawo sai an sare wani abu an ƙona mai kafin su iso ƙofarki. Ki ɗinka musu riga ta auduga mai kauri wadda ake cirewa a wanke. Furannin roba ki ba wanda yake so, ki sa busasshen reshe mai kyan lanƙwasa a dogon tulu a madadinsu. Wanda ke kusurwar falona iska ce ta karyo shi, kuma ya fi duk abin da na saya jawo tambaya daga baƙi.

Kafet ne kaɗai zan goyi bayanki a kai, in ya tsufa yana riƙe ƙura. Tabarmar kaba ko shimfiɗar zaren algarara za su maye gurbinsa, sai dai da 'yan biyu a gida ki san halin kowace. Algarara tana da taushi a ƙafa amma tana zubar da gashi, kuma in ta jiƙa ba ta bushe da wuri ba wari take yi. Ta zaren sisal ta fi ƙarfi, ta fi kaushi a gwiwar mai rarrafe, kuma ko ruwa zalla ya zuba mata sai ya bar tabo. Tabarma ita ce mai haƙuri da yara: a goge ta da tsumma mai ɗan danshi, a shanya ta a inuwa, domin rana mai zafi tana sa kabar ta bushe ta riƙa karyewa. Ki naɗe ta, kada ki ninke, kuma sau ɗaya a mako ki ɗaga ki share ƙarƙashinta.